Guda Ɗaya Tak

A ɗaki na bakwai, can ƙarshen cibiyarmu a Yelwa,
akwai bindigar da ba ta cin harsashi.
Haske take tofawa, allo ya ƙirga,
ya ce wa kurtu: hannunka na rawa,
numfashinka ya riga yatsanka.

Injiniya Tasalla ta zana, ni na ɗaura wayoyi,
shekara huɗu, da kuɗin gwamnati,
wato kuɗin mai tumatir a Wunti
da bai san yana da bindiga ba.

Ranar gwaji manya suka zo da jiniya.
Wani mai taurari a kafaɗa ya harba sau tara,
ya yi dariya, ya ce ɗari biyar suke so.
Aka yi tafi, aka sha lemo.
Ɗari biyar ɗin a bakinsa suka kwana.

Muka kai wa Alhaji Bakoji mai masana'anta.
Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa kamar mai sayen tukunya:
"Ku kawo takardar oda, in ci bashi."
Ma'aikatar ta ce ya fara ƙerawa tukuna.
Banki ya ce ina takarda?
Kowa ya riƙe igiya,
guga na ƙasan rijiya.

Sai lauyoyi: wai ta wa ce?
Ta cibiya, ta ma'aikatar, ko ta wadda ta zana?
Fayil ya tafi Abuja da shuka,
an yi girbi biyu bai dawo ba.

Idonta, ɗan gilashin da bai kai gujiya ba,
daga ƙetare yake zuwa. Dala ta hau.
A tashar ruwa aka ga kalmar "tsaro", aka rufe akwati.
Injin zuba roba na Bakoji
yana son wuta awa goma a jere,
uku muke samu, su ma a gutsure.

Jiya na ji an sayo irinta daga waje,
guda ɗaya a kuɗin goma namu.
Tasalla ta koma koyar da lissafi.
Ƙanena Ɗanliti yana horo,
ya ce harsashi biyar aka ba shi ya koyi saiti
kafin a tura su daji.

Ni dai duk Litinin ina buɗe ɗakin,
in goge ta da tsumma, in yi cajin batir,
in ɗaga, in auna, in danna.
Allo ya ce: daidai.
Ba mai ji sai ni
da ƙadangaren da ke bakin taga.