Kunnen Burodi

Ƙarfe uku da rabi na dare,
kafin jirgin farko ya bar tashar Hashimoto,
Baba ya riga ya kunna tanda.
Unguwa na barci, sai injin sayar da shayi
da ke haske shi kaɗai a bakin layi.

Ni ke jera su a kan katako:
anfan, jan wake a ciki, riɗi a cibiya;
burodin kankana da babu kankana a cikinsa,
sai bayan kunkuru mai sukari;
da soyayyen nan na kori
da 'yan makaranta ke ƙona harshe da shi
don ba su iya jira ba.

Mu nan, gefen burodi kunne muke ce masa.
Mukan yanke, mu ƙulla a leda, yen hamsin.
Tsohuwa Tsuruko takan ce na tsuntsunta ne.
Mun san ba ta da tsuntsu.

Shekara arba'in Baba na ƙwanƙwasa gindin burodi,
ya kasa kunne, ya ce ya gasu, ko da saura.
Tun bara jinsa ya tafi ya bar shi.
Bai gaya wa kowa ba.
Har yau yana ƙwanƙwasawa,
sai dai fuskata yake kallo.

Jiya na ji amon bai cika ba.
Na sunkuya ina goge tire, ban ɗago ba.
Ya daɗe da shi a tafin hannu,
zafi na cin yatsunsa,
sannan ya mayar da shi tanda,
ya ce, "Fumie, hannu ma yana ji."