Littafin da Ake Buɗewa ta Dama

Hindatu 'yar wana ce ta zo da shi daga Samaru,
a tsakanin takardunta na jarrabawa.
Ta ce, "Baffa, manga ake ce masa, aikin Japan,
kai mai zanen riga, duba ka ga gwaninta."

Na buɗe ta hagu, ta kwashe da dariya:
"Ai ƙarshensa ka soma!"
Ashe ta dama yake tafiya, kamar ajami.
Nan take na ji baƙon ba baƙo ba ne sosai.

Gaskiya mai zanen ya iya riƙon alƙalami.
Shekara ashirin ina fid da aska takwas a Kwarbai,
ban taɓa jan layi siriri haka ba.
Gashin yarinyar alharini ne da iska ta warware,
ruwan samansa, da baƙar tawada kawai,
sai da na janye ƙafata kada in jiƙe.
Da'irar da take zanawa in za ta yi tsafi,
sak tambarin bayan riga,
har na kwafe ta a kwalin shayi, Allah Ya yafe mini.

Amma idanun nan fa!
Kowanne faifai guda,
hanci ɗigo, baki kafar allura.
Da zan gamu da irinta a Ƙofar Doka da almuru,
a'uziyya zan fara, sallama ta biyo baya.

Sihirinta ba kyauta ba ne, nan ya kama ni:
duk siddabarun da ta yi, kalma ɗaya za ta biya,
ta fice daga bakinta har abada.
Ta biya "gishiri" don ta kashe gobara,
ta biya "gobe" don ta ta da gadar da ta karye,
ta biya sunan uwarta.
A nan na ajiye allura, na daɗe ina kallon bango.
Kalma ɗaya ta ƙulle a bakin zane,
ta hana kowace masifa taɓa ta.
Ba sai an faɗa mini ko wacce ba ce.

Shi kuwa saurayin, kaico.
Takobi ya fi shi tsawo, yana sare dodanni kamar rake,
amma ta dube shi, sai gumi, sai in'ina,
sai kumatu su cika da 'yan layuka.
Shafi talatin ana faɗa, ihu da walƙiya,
ban gane hannun wa ke wuyan wa ba.
Ga wata mage mai magana, ba gishiri ba yaji,
da ni ne, da tuni na farke ta daga ɗinkin.

Na kai ƙarshe bayan isha'i, da fitilar waya.
Ta buɗe baki za ta faɗi kalmar,
sai takarda ta ƙare.
Wai sai littafi na biyu.
Na taka Sabon Gari rumfa rumfa, babu,
wani ma kalanda ya miƙo mini.

Na ce wa Hindatu, "Yaron nan ragon banza ne,
shafi ɗari biyu bai iya cewa uffan ba."
Ta ce, "Baffa, kai a shafi na nawa ka faɗa?"

Ban amsa ba.
Uwani na tuna, mai kawo mana zare daga Tudun Wada.
Damina huɗu ina sayen shuɗin da ba na bukata,
ba tsafin da ya ci mini kalma ko ɗaya,
duk suna nan a bakina har ta koma Funtuwa.

Littafin bai kai yabon da ake masa ba, na faɗa.
Amma ban mayar ba tukuna,
yana ƙarƙashin kwandon zare, kusa da shuɗin.