Agogon da Bai Ji Labari Ba

Ƙarfe biyu da kwata na dare a Dundee,
ana yayyafi a kan Kogin Tay,
ni kaɗai na rage a hawa na uku,
ni da shayin da ya huce tun la'asar.

Wasanmu ya sake faɗuwa,
karo na goma sha ɗaya.
Ɗan kwalekwale na tsaka da tafiya, fitilar gaɓa na ƙiftawa,
sai allo ya sandare,
sai saƙon nan mai taurin kai:
an taɓa ma'adana inda ba a ba da izini ba.

Morag ta ce daga masu zane ne, ta ɗauki lemarta.
Fergus ya rantse a injinsa lafiya ƙalau.
Laifi tudu ne, ni ma na hango nasu.

Na bi sawu layi-layi,
na ɗana tarko a bakin kowace ƙofa,
na sa injin ya riƙa faɗa mini inda ya taka.
Adireshin da ke kashe mu, yanzu sifili,
anjima tarkace zalla.

Wajen ƙarfe huɗu na kama shi.
Agogo ne. Ni na rubuta shi a watan Maris.
Na ce masa: bayan daƙiƙa biyar
je ka gaya wa tsuntsun teku ya sauka.
To idan mai wasa ya wuce tsibirin da gudu,
an riga an share tsuntsun,
an ba gajimare gurbinsa.
Agogo bai ji labari ba.
Lokaci na cika ya tafi da sallamarsa
gidan da aka rushe,
ya kira suna, ya miƙa hannu,
duniyar duka ta kife.

Gyaran layi uku ne kacal:
kafin a share tsuntsu, a sallami agogonsa.
Na gwada sau arba'in, kwalekwale ya kai gaci.

Ina ɗaure igiyar takalmi waya ta motsa a aljihu.
Biyar da rabi, Juma'a.
Tunatarwar da na saka tun shekarar da na zo:
kira Baffa in ya dawo daga asuba.

Wata bakwai ke nan da aka kai shi makwanci a Gusau.

Na san gyaran, taɓawa ɗaya ce.
Na tsaya a kan matakala, babban yatsa bisa gilashi,
sannan na bar ta sai mako mai zuwa,
na fita cikin ruwan.
Bas ɗin farko bai iso ba tukuna.