Murya Ta Biyo Baya

Shagona taku huɗu ne da rabi,
bayan tashar Tawa, jikin rumfar mai faci.
Ordinatar ɗaya, fanka mai tari,
faya-fayai tsire a sanda kamar masa a tsinke.

Ranar Lahadi, kasuwa na ci,
Tsahara ta sauko daga motar Bambay.
Ta kwance bakin zane, ƙulli cikin ƙulli,
ta fiddo abin da bai kai farce ba.
"Illa ya aiko daga Abijan.
An ce shina ciki, shi da ɗiyansa.
Wani yaro ya zuba min shi a faifai,
lektar ta haɗiye, ta yi gurnani, ta tofo."

Na ce, Inna, ba ƙiyayya ba ce.
Wayar Abijan da lektar ɗinki
ba da harshe ɗaya aka raine su ba.
Ni tafinta ne. Dala ɗari.
Ta ce tamanin.
Na ce zauna.

Na jawo hoton, na tuɓe masa rigar birni,
na auna masa wadda tsohuwar na'ura ta sani.
Koren layi ya kama hanya,
tafiyar jaki mai ɗauke da albasa:
kashi tara,
kashi talatin da ɗaya,
ya tsaya shan iska a sittin.
A tamanin da bakwai kuran ya ɗauke.
Fanka ta yi shiru. Na zagi wanda ba ya nan.
Ita ko goro ta ɓara, ta miƙo mini rabi:
"Damina bakwai nike jira.
Mi ne awa guda?"

Akwai abin da ba na faɗa wa masu kawo aiki.
In ka juye gero daga tiya zuwa tiya
sai ƙwaya ta faɗi ƙasa.
Haka nan wurin.
Kowane juyi da ladansa:
kaifin ido ya dushe,
zanen riga ya koma ƴan murabba'ai,
dariya ta rasa wutsiyarta.
Ina ƙaramin ɓarawo a sana'ar nan,
kuma ban san inda nake kai kayan ba.

La'asar sakaliya faifai ya fito da ɗumi.
Na hura, na goga a hannun riga,
na sa a lektar gwaji mai karyayyen murfi.
Ta haɗiye.
Ta yi tunani.
Ba ta tofo ba.

Ga Illa a tsaye tsakiyar tele,
baƙi dama, baƙi hagu,
kamar mai leƙowa ta ƙofar da ba a gama buɗewa ba.
Ya rame. Bayansa buhunan gawayi.
A kafaɗarsa yarinya tana cin yatsa.
Tsahara ta matso har numfashinta ya taɓa gilashi:
"Kunnen uban Illa ne wannan.
Ko cikin hazo na gane shi."

Sai na ga aibin aikina.
Baki ya motsa, ya rufe,
sannan "Inna, ina wuni" ta iso.
Murya ta makara da numfashi biyu.
Na kai hannu zan fiddo faifan,
na ce kuskure ne, minti ashirin in daidaita,
ba sai kin ƙara ko dala ba.

Ta riƙe mini wuyan hannu.
"Bar shi hakanan.
Tun da ya tahi, haka zancensa ka zo min:
ya faɗa can, in jiya nan bayan wata.
Wanga ma ya yi sauri."

Na rubuta ILLA da jan alƙalami,
na sa a leda. Ta sa ledar a ƙulli.
Ta ƙirga tamanin, ta ƙara goro biyu.

Da dare na buɗe aikin, na gyara shi ni kaɗai,
baki da murya suka haɗu cif.
Yana nan a ordinatar.
Ba wanda ya zo nema.