Takin Tabawa

A Kwakwaci, bayan rumfar masu gyaran keke,
Tabawa ta zuba mini ƙasa a tafi:
"Shinshina. In ba ƙamshi, yunwa take ji."

Na zo da buhun takin zamani da takardar makaranta.
Ta ture su gefe.
Tokar murhu, kashin awaki, ɓawon albasar 'Yan Kaba
muka binne, muka yayyafa ruwa,
muka jira wata uku.

Ran da muka tone, sai ga tana tana murɗawa.
Tabawa ta yi hamdala.
"Da ita aka gina mu, ɗana,
cikinta za mu kwanta.
Wa ke zuba wa shimfiɗarsa guba?"

Bana wake ya rungumi dawa.
Takalmi nake cirewa
kafin in taka kunya.