Ashirin da Huɗu

Jif ɗin ta sauka Apapa da damina,
gishirin teku a jikinta, tsatsa a ƙugu,
littafinta duk rubutun Japan ne,
kamar kaji sun yi tono a jiƙaƙƙiyar ƙasa.
Maigida ya miƙo makulli: "Sallau, ga abokiyar tafiya,
hanyar gonar Epe ba ta son mota mai kunya."

Wata uku ba ta yi tari ba.
Ta ci yashi, ta sha taɓo,
ta wuce inda ɗanfo ke durƙusawa.
Sai ran wata Laraba, tsakiyar doguwar gada,
idonta na hagu ya rufe.
Ɗan sanda ya ɗaga tocila,
na bar masa kuɗin tuwon dare.

Gari na wayewa, sai Ladipo,
inda ake feɗe mota a kasa ta kamar naman watanda:
ƙofa can, inji nan,
madubai a rataye suna kallon juna.
Tun bakin kwata wani yaro ya riƙe mini riga:
"Me kake nema? Akwai!"
A Ladipo komai akwai, har abin da ba a ƙera ba.

Ƙwan fitila, dubu uku da ɗari biyar.
Na ɗaura, na murɗa. Haske kamar walƙiya,
har na yi kabbara.
Kafin in rufe baki, fat!
Gilashi ya yi baƙi kamar gindin tukunya.
Na koma. Ya ce maiƙon yatsana ne.
Na biyun da hankici na ɗauke shi kamar jinjiri.
Fat.
Na ukun maigida bai ji labarinsa ba,
albashina ne ya ji a jikinsa.

Baba Rasaki mai haɗa waya,
rumfarsa na bayan masallacin Idi-Oro,
tabaransa ɗaure da zaren ƙarfe.
Bai ko dubi gawarwakin da na zube masa ba.
Ya ce, "Buɗe mata baki."
Batir biyu. Na ce ai na san da su.
Ya ce, "Sanin yawansu daban, sanin zamansu daban.
In kafaɗa da kafaɗa suke, kamar sahun salla,
ƙarfinsu sha biyu ne, sai dai juriya.
In ɗaya ya hau wuyan ɗaya,
ashirin da huɗu ke nan.
Duk da haka kada ka yarda da ido,
wata motar tana rage wutar kafin ta kai fitila."

Ya zaro mita, jan tsinke da baƙi,
ya tsikari bakin soket kamar mai sakiya.
Allura ta tashi, ta tsallake sha biyu ko sallama babu.

"Ka gani? Ba jabu aka sayar maka ba.
Ƙwan kirki ne, ka ɗora masa kayan raƙumi.
Tafi layin masu tirela, juya ƙeyarsa ka karanta lamba."

Wata mata, Nkiru, ta hura ƙurar wani kwali,
ta nuna mini da farce: biyu da huɗu.
Na sayi guda uku. Wanda maciji ya sara
ba ya wasa da igiya.

Yau da dare muna dawowa daga Epe,
haske shimfiɗe a titi kamar tabarma,
ba ya ɗagawa, ba ya rawa.
Sai Ilu ya faɗo mini a rai,
wanda muka hau motar shanu ɗaya daga Gumel.
Legas ta kunna shi, wata shida yana ƙyalli,
kowa a Agege ya san takalminsa.
Yanzu yana gida, ba ya ɗaga waya.

Shekara tara ke nan ina ci a garin nan.
Wani lokaci a cunkoson Oshodi
nakan shafa ƙeyata,
ko zan ji lambar da aka buga mini.