Kayen Laure

Laure ta tafi Tanut, ƙanwarta ta haihu.
Ta bar mini yara huɗu, da makullin sito,
da wani kaye mai shuɗin bango
wanda mai ya ci gefensa.
Ta ce, "Jikka goma sha biyar, Alhamis zuwa Alhamis.
Kada ka yi wa kasuwa fara'a."

Na yi dariya. Ni da ke koya wa ƴaƴan mutane lissafi
shekara goma sha tara a lakwal ɗin Zango,
tattasai ne zai gagare ni?

Na shiga Kasuwar Dole da hula a karkace.
Tiyar gero, dala ɗari da sittin.
Na ce, "Tun yaushe?"
Mai awo ya dube ni, ya dubi takalmina,
ya ce, "Mushe, tun kana cin tuwo ba ka tambaya."
Na auni huɗu. Shinkafa biyu, wake ɗaya,
man gyaɗa rabin kwalba, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa,
da kashin albasa da na taya har muka ɓata da mai ita.
Ina hanyar fita ƙamshin kilishi ya kira sunana.
Na amsa.
Jikka biyu suka tafi ba sallama.

Juma'a shinkafa da nama, yara suka ce Baba ya fi Inna.
Asabar na ƙara mai a miya don a sake faɗa.
Lahadi baƙi daga Mirriya, su uku,
sun kawo rake, sun ci tiya guda.
Litinin gawayi ya ƙare. Ba wanda ya gaya mini
wuta ma da nata bakin.
Talata Balki ta ce sabulu.
Na ce sabulu ba cefane ba ne.
Ta ce, "A kayen Inna cefane ne."

Daren nan na buɗe shi da fitilar waya.
Rubutunta ƙanana, kamar tururuwa ta bi layi.
Tuwon dare a ɗumama da safe, kada a sayi burodi.
Wake a jiƙa shi ya kwana, ya rage cin gawayi.
Nama a kasa uku: romo yau, tsoka Juma'a,
ƙashi ya yi ta komawa tukunya har ya rasa abin faɗi.
Tumatir sai la'asar, in mai shi ya gaji.
Dala arba'in ƙarƙashin faifai ta baƙo ce, kada a taɓa.

Sai na zo kan Laraba.
Kowace Laraba, shafi bayan shafi,
kwano biyar ta rubuta, mu kuwa mu shida ne.
A gefe, da jan biro: ni na sha fura.

Na tuna ranakun. Nakan ce, "Ke ba ki ci?"
Takan ce, "Mai dafawa ƙamshi ke ƙosar da ita."
Ni kuma in miƙa hannu in ƙara malmala.

Gari ya waye Laraba.
Saura dala saba'in da rabin tiya.
Na roƙi zogale ta katangar Tsalha,
na yi dambu, ya caɓe.
Sabi'u ya ci yana kallon sama, bai ce komi ba.
Kwano huɗu na zuba,
na zauna bakin ƙofa da ƙwarya da ludayi.

Ta kira bayan isha'i tana tambayar sauran mai.
Na ce akwai ɗan abin da ba a rasa ba.
Ta ce, "Kai me ka ci?"
Na ce, "Fura."
Shiru ya yi tsawo
har na jiyo kukan jaririn daga Tanut.

Na ce, "Gobe zan ƙara jikka uku,
kuma shida za a riƙa rubutawa."
Ta ce, "Uku ba ta isa, Mushe.
Ai ka ga kuɗin tiya da idonka."